Nigeria Airways: Yadda Kamfanin Jiragen Saman Ƙasa Ya Durƙushe

Yau za mu waiwayi kamfanin jiragen saman Nijeriya, Nigeria Airways, mai tambarin giwa da fuka-fuki.

An kafa shi a shekarar 1958, bayan da kamfanin jiragen Afirka ta Yamma na zamanin Turawa ya watse. Da farko gwamnati ta haɗa hannun jari da kamfanonin Ingila biyu, BOAC da Elder Dempster, sai a 1961 ta saye kasonsu baki ɗaya. Kuɗin man fetur ya zo, kamfani ya bunƙasa, har ya mallaki jirage kusan 30 a farkon shekarun 1980, yana zuwa Landan da Niyok da Jidda.

Mu a Arewa, da aikin Hajji muka fi saninsa, kuma a nan muka sha kuka. Ranar 22 ga Janairun 1973, jirgin da kamfanin ya ɗauko haya daga Jodan ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yulin 1991 kuma, wani jirgin hayar ya tashi daga Jidda da alhazai zuwa Sakkwato, tayarsa ta kama wuta, ya faɗi, duk mutum 261 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu da rahama.

To, me ya kashe kamfanin? Fasinja dai ba a rasa ba. Riƙon sakainar kashi ne. Aka cika ma'aikata fiye da ƙima, shugabanci yana sauyawa kamar riga, bashi ya yi katutu, jirage suna lalacewa babu kayan gyara. A 1979 an kira kamfanin KLM na Holan ya riƙe shi shekara biyu, suna tafiya aka koma gidan jiya. A 2003 ya daina tashi, a 2004 aka rushe shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ma'aikatan. Matuƙa jirgi da injiniyoyi sun yi shekaru suna jiran haƙƙinsu, da yawa har mutuwa ta ɗauke su. A 2018 gwamnati ta saki wani kaso na kuɗin.

Jama'a, duk lokacin da aka sake yi mana albishir da sabon kamfanin jiragen saman ƙasa, mu tambaya: wa zai riƙe shi, wa zai binciki asusunsa?