Murfin Taya: Jawabin Magatakarda a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

 

Malam shugaba, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, direbobi da yaran mota, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya jiƙan waɗanda suka kafa ƙungiyar nan suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa masu rai lafiya.

A taro irin wannan an saba jin maganar kwastan, da canjin sidi da sefa, da shingayen hanya. Duk za a yi su. Mu dai daga ofis mun roƙi a ba mu minti goma a kan ƙaramin abu, wato murfin taya. Mun ga wasu sun fara murmushi. Ku yi haƙuri ku ji dalili.

Dukiyarmu a kan taya take. Albasar Galmi da ke fitowa Nijar, da tumatirin Burkina Faso, da doya da masarar da muke ɗauka daga Aboabo, babu wanda ke zuwa kasuwa da ƙafarsa. Daga Tamale zuwa Bolgatanga kusan kilomita 160 ne, ta Savelugu da Walewale. Daga Bolga zuwa bodar Paga wajen kilomita 40, kafin a tsallaka Dakola. Masu bin Yendi zuwa Tatale su shiga Togo sun san tasu hanyar. Idan mota ta kwanta a tsakanin garuruwan nan da akwatunan tumatir a cikinta, kwana ɗaya a rana ya isa ya cinye ribar tafiya, kwana biyu ya taɓa uwar kuɗi. Sannan rigimar wa zai biya ta dawo teburinmu, tsakanin mai kaya da mai mota, alhali duka 'ya'yan ƙungiya ne.

Abin da muke so kowa ya riƙe shi ne, murfi iri biyu ne a jikin taya, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Na farko shi ne faffaɗan murfin roba da ke rufe wili a ƙananan motoci da tasi. Shi kowa ke gani. Aikinsa ado ne, sai ɗan kare notoci daga laka. Mota na iya zuwa Wagadugu ta dawo ba tare da shi ba.

Na biyu ƙarami ne, na ƙarfe, kamar gwangwanin madara, yana tsakiyar cibiyar taya. Ana samunsa a manyan motoci, da tirela, da bas-bas da akori-kura da yawa, musamman tsofaffi. Shi ke rufe boris da giris ɗinsa, da babban notin da ke riƙe da cibiyar, da ɗan fin da ke kulle notin. Sababbin ƙananan motoci da yawa borisinsu a rufe yake zuwa daga kamfani, su ba su da wannan damuwa. Amma motocin da ke ɗaukar kayanmu akasari ba sababbi ba ne.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan ƙaramin murfin nan ya faɗi, da hunturu ƙura ce za ta shiga, da damina ruwa da laka. Giris da yashi idan suka haɗu sai su riƙa cin ƙarfe. Boris ya fara gunji, ya ɗau zafi, giris ya narke ya tsiyaye, daga nan ko ya ƙame ko ya watse. Idan ya watse mota na gudu, taya na iya rabuwa da mota gaba ɗaya. A nan maganar ta wuce ta kaya, ta zama ta rai. Saboda haka wanda ya ga babu wannan murfi, kada ya ce sai ya dawo. Ya kai wa fita a wanke boris, a duba shi, a sa sabon giris, a duba fin, sannan a buga sabon murfi daidai bakin. Ana buga shi a hankali da katako a kansa, don kada ya lotse. Ɗaure wurin da leda ko tsumma dabara ce ta isa gari na gaba kawai.

To, mu koma kan babban murfin na ado. Shi ma faɗuwarsa tana da abin da take gaya mana. Murfi ba ya tashi haka kawai. Ko dai an faɗa rami bakin wili ya lanƙwashe, ko an hau tudun rage gudu da ƙarfi, ko birki na kamawa zafi ya sassauta robar, ko wanda ya yi faci bai mayar da shi da kyau ba. Tun 1974 da Ghana ta koma tuƙi a hannun dama, tayoyin dama su ne ke bin gefen titi inda kwalta ta zaizaye, su ne kuma ke gogar bakin kwata a cikin gari. Su za a fi sa wa ido. Kafin ka sayi sabon murfi, dubi abin da tsohon ya ɓoye. Bakin wili a miƙe yake? Notoci sun cika? Akwai jan tsatsa da ya zubo daga gindin wani noti? Wannan alama ce ta noti ya saki yana motsi. Bayan tafiya, kusantar da bayan hannunka kusa da wili ba tare da ka taɓa ba. Idan ɗaya ya fi sauran zafi, akwai magana. A ɗaga motar da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. Idan tana lilo, a nemi fita.

Idan komai lafiya, sayen murfi ba wuya. A jikin kowace taya akwai rubutu, misali 185/65 R15. Lambar ƙarshe, wato 15, ita ce faɗin wili da inci, kuma ita ce lambar murfin da za ka nema. Murfin 14 ba ya zama a wilin 15, ko mai shago ya rantse. Wanda ba ya karatun boko ya ɗauki hoton rubutun da waya, ko ya cire ɗaya daga cikin murafen da suka rage ya tafi da shi. Sannan a lura da yadda yake kamawa. Wani da haƙoran roba da zoben waya a bayansa yake maƙalewa, wani kuwa notocin taya ne ke danne shi. Mai zoben waya, a duba haƙoransa duka suna nan. A zoben akwai wurin da aka lanƙwasa, a murfin kuma akwai ƴar kafa, duka biyun saitin bawul ake sa su don a iya ba taya iska. A danna shi da tafin hannu a zagaye har ya zauna. Kada a buga da guduma ko a sa ƙafa. Masu ƙara ɗaure shi da igiyar roba mai haƙora ba su yi laifi ba, amma a ajiye abin yankawa a mota saboda ranar faci.

Wanda notoci ke danne shi, sai an kwance taya. Duk lokacin da aka kwance taya kuwa, ko don murfi ko don faci, a ɗaure notoci ɗaya nan ɗaya can a tsallake, kada a bi su a jere. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a tsaya a sake sa sifana. Wanda ya yi faci a Tamale, Walewale wurin dubawa ne. Kuma ga shawara: ranar doguwar tafiya da lodi, gara notoci su kasance a fili ido na ganinsu. Manyan motoci masu noti 10 wasu na sa musu ƴan kibiyoyin roba masu launi, da noti ya juya kibiya ta kauce, yaron mota ya gani tun daga nesa. Abu ne mai araha da ya kamata mu yawaita.

Maganar inda za a saya. Kaya na zuwa mana daga Suame Magazine a Kumasi da Abossey Okai a Accra, sabo da na hannu, kuma shagunan garin nan suna da su. A saya a shago da aka sani. Idan yaro ya tare ka a tasha da murfi ɗaya a hannu a rabin kuɗi, tambayi kanka daga motar wa ya fito. Mai yiwuwa ta ɗan'uwanka ce da ke zaune kusa da kai yau. Da babu mai saye, da babu mai cirewa.

Iyayenmu mata masu kaya, wannan magana har da ku. Ba sai kin iya kanikanci ba. Kafin a ɗora miki buhu na farko, zagaya motar sau ɗaya. Idan kin ga cibiyar taya a buɗe, ko baƙin mai ya fantsama a wili, ko gurbin noti babu noti, ki tambaya. Kuɗinki ne, kuma sau da yawa ke ma a motar kike. Direbobi, don Allah kada ku ɗauki tambayar a matsayin raini. Mu kuma masu kaya mu daina matsa wa direba ya ƙara buhu a kan ƙa'ida. Ma'aunin lodi da ke kan hanya, na nan gida da na ƙasashen sefa, tara yake ci, amma boris shi ke ɗaukar nauyin tun kafin a kai ma'auni.

Roƙonmu ga shugabanni guda biyu ne. Na ɗaya, a amince cewa motar da ba ta da ƙaramin murfin cibiya, ko notinta bai cika ba, ba za ta yi lodi da sunan ƙungiya ba sai an gyara. Na biyu, a ware ɗan abu daga asusu a sayi ƙananan murafe na motocin da muka fi amfani da su, da fin, da gwangwanin giris, a ajiye a ofis, mai buƙata ya karɓa a kuɗin da aka saya, mu rubuta a littafi. Idan taro ya yarda, mu a shirye muke mu riƙe lissafin.

Allah ya tsare mana hanya, ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, ya sa albarka a kasuwa, ya maimaita mana na baɗi.