Kiran Neman Ceto ta Hanyar Taurarin Ɗan'adam



Tun fil azal, wanda masifa ta rutsa da shi a dawa ba shi da abin yi sai kururuwa, ita kuwa iyakarta inda murya ta kai. A watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan wayar salula a Jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, matafiyi tsakanin Badarawa da Shinkafi ya koma wannan hali na da. Amma akwai wata 'yar na'ura mai kamar girman rediyon aljihu wadda ba ruwanta da layin waya. Da an kunna ta, sai ta aika da kira kai tsaye zuwa ga taurarin ɗan'adam na shirin Cospas-Sarsat, wanda Amurka da Tarayyar Sobiyat da Kanada da Faransa suka ƙulla a 1979. Ceton farko ya auku ne a Kanada cikin Satumba 1982, inda aka tsamo mutum uku daga tarkacen wani ƙaramin jirgin sama.

A farkon al'amari, lissafi ake yi kafin a gano wurin. Duk wanda ya san zamanin jirgin ƙasa a Ƙaura Namoda zai tuna yadda kukan jirgi kan sauya sa'ad da yake tahowa da sa'ad da ya wuce. Haka kiran na'urar kan sauya wa tauraron da ke wucewa, daga nan a kintaci wurin, da kuskuren da kan kai kilomita 5. Watau sai a bincike daji mai faɗin murabba'in kilomita 78. Da aka sanya wa na'urar GPS kuwa, ita da kanta take faɗin inda take, kuskuren bai wuce kamar mita 100 ba, watau fili kamar gona mai hekta 3. Ga wanda jini ke zuba daga jikinsa, wannan bambanci shi ne tsakanin rai da ajali.

Sai dai fa na'ura ba ta ɗaukar majinyaci. Kiran da ya tashi daga Nijeriya yana isa ne ga cibiyar hukumar NEMA a Abuja. Daga can sai an sami wanda zai sanar da Gusau, a sami mota da mai, da jami'an da za su iya shiga dajin Zurmi. Idan babu waɗannan, kiran ya zama ihu bayan hari. Ilmi ya sauƙaƙa nema; ceto kuwa har yanzu yana wuyan hukuma da jama'a.