Abin da Za Mu Nuna wa Baƙi a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

 

Abin da ya tara mu yau shi ne maganar baƙi masu yawon buɗe ido, da abin da za mu nuna musu in sun zo. Bari in fara da misali. Akwai wata 'yar ƙasa a bakin teku, sunanta Gambiya, wadda girmanta bai kai rabin Jihar Sakkwato ba. Amma kowace shekara da sanyi Turawa suna tururuwa can. Bayan sun huta a bakin teku sai su shiga ƙauyuka, su ga tsibirin Kunta Kinte inda aka tsare bayi a zamanin da, su ga duwatsun da mutanen farko suka kakkafa a Wasu. Hukumar UNESCO ta sa tsibirin cikin kayan tarihin duniya a 2003, duwatsun kuma a 2006. Ta haka masu kwale-kwale da masaƙa da masu yi wa baƙi jagora suke samun abinci.

To, mu fa? Babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega ta ratsa Tambuwal. Mai ziyara yakan fara da Hubbaren Shehu, ya biya Sifawa inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, sa'an nan ya nufi Gwandu don kabarin Malam Abdullahi. Ga Argungu kuma, inda ake bikin kamun kifi tun 1934. Watau baƙin nan suna kewaye da mu, sai dai ba su tsayawa, domin ba wanda ya gaya musu akwai abin gani.

Alhali kuwa akwai. Tambuwal gari ne na ribaɗi, sarautarsa ta samo asali daga Muhammadu Buhari ɗan Shehu. Ga tsofaffin garuruwa irin su Dogon Daji da Jabo da Sanyinna. Ga tafkin Romo da masuntansa, ga fadamun Kebbe da Kuchi. Kowane ɗayansu yana da labari, amma yawancin labarin a bakin dattawa yake, dattawan kuwa kullum raguwa suke yi.

Saboda haka ga roƙonmu. Kowane uban ƙasa ya umurci malaminsa ya buɗe littafi, ya rubuta kufai da kushewa da tsohon masallaci da ragowar ganuwa da ke ƙasarsa, da sunan dagacin da ke lura da su. Malamin ya zauna da dattawa ya rubuta abin da suka faɗa yadda suka faɗe shi, kada ya ƙara gishiri. Kuma a hana ɗiban ƙasar ganuwa don gini, a hana noma a kan makwantan magabata, domin abin da garma ta bi ba ya dawowa.

Lalle baƙo ba ya girmama abin da mai gida ya wulaƙanta. In mun tsare namu, ko baƙi sun yi jinkiri, jikokinmu sun sami gado. Allah ya taimake ku bisa wannan aiki.