ƊAKIN DA BA MU ZAƁA BA: ABIN DA KE JIRAN 'YA'YANMU A SHEKARAR FARKO TA JAMI'A

(Jawabin da aka gabatar wa iyaye da dattawan ikilisiyoyinmu na Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa, a lokacin sallamar ɗalibai masu tafiya manyan makarantu. Wurin karatu: Daniyel sura 1.)

 

Bana ma Allah ya yi mana alheri, wasu daga cikin 'ya'yanmu sun sami gurbin karatu ta hanyar JAMB. Mun yi addu'ar godiya. Wasunmu sun riga sun kai buhun gero ko na riɗi kasuwa, wasu akuya suka sayar, domin kuɗin rajista. Amma akwai tambaya guda da ba mu cika yi ba sai yaro ya hau mota: a ina zai kwana, kuma da su wa?

Dattawanmu sun tuna makarantar kwana ta 'yan maza da mishan ta SIM ta yi a Roni. A can, malamin da ya koya wa yaro lissafi da safe shi ne zai kai shi addu'a da yamma. Jami'a ba haka take ba. A dā Zariya da Kano muka sani, wato Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, da ta Bayero da ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Yanzu ga Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, ga ta jiha a Kafin Hausa tun 2013, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya a nan Ɓaɓura da aka kafa a 2021, ban da kwalejin Hussaini Adamu da ke Kazaure. Makarantu sun matso kusa da gida. Duk da haka, ko a ƙofar gida makarantar take, ba mu ne za mu zaɓa wa yaro ɗaki ba, ba mu ne za mu zaɓa masa abokan kwana ba.

Haka ya faru da Daniyel da abokansa uku. An kwashe su zuwa Babila, aka sa su karatun shekara uku a fādar Nebukadnezzar. Wasu ne suka yanke inda za su zauna, da abin da za su ci, har sunan da za a kira su da shi. Abin da ya rage a hannunsu shi ne halinsu, shi kuwa daga gida suka zo da shi.

1. YADDA AKE SAMUN GADO

Mu sani cewa samun gurbin karatu daban, samun gurbin kwana daban. Gadajen ba su kai yawan ɗalibai ba. A yawancin jami'o'i akan fifita 'yan shekarar farko da 'yan shekarar ƙarshe, amma fifikon na wanda ya yi sauri ne. Sai yaro ya biya kuɗin rajista, sa'an nan ya jira ranar da za a buɗe rabon gado a shafin makarantar na intanet. In ya samu, akan ba shi ɗan lokaci ya biya kuɗin ɗaki, in ya wuce sai a ba wani. Saboda haka kada uba ya ce sai ranar kasuwa mai zuwa. A ware kuɗin ɗaki tun ranar da aka ware na rajista.

A biya ta hanyar da makaranta ta faɗa kaɗai, a buga rasit, a ajiye kwafi ɗaya a gida. Duk wanda ya tare yaro a bakin ƙofa ya ce yana da hanya, ko ya ce zai sayar masa da gadonsa, a guje shi. Sayar da gado laifi ne a dokar makarantu, mai saye da mai sayarwa duka suna iya shiga uku. In an sami matsala, ofishin kula da harkokin ɗalibai ne wurin zuwa.

Wanda bai samu ba kuma, kada a bar shi ya raɓe a ɗakin wani a ɓoye, yana kwana da fargaba. A sanar da dattawa da wuri, mu nemi gidan wani mai bi a garin, ko a haɗa yara biyu ko uku su kama haya tare.

2. ABIN DA ZAI TARAR A CIKI

Kada mu bar yaro ya tafi da mafarki. Zai tarar da gadajen ƙarfe masu hawa biyu, da ɗan kabad, da banɗaki na tarayya. Ɗakin da aka gina domin mutum huɗu yakan ɗauki fiye da haka. Ruwa yakan yanke, wuta takan ɗauke. Tun tsakiyar shekarun 1980 gwamnati ta daina ciyar da ɗaliban jami'a, don haka cikinsa a wuyansa yake.

Iyaye mata, a nan naku aikin yake. A haɗa masa bokiti, kwaɗo mai kyau, gidan sauro, tocila, zanin gado da bargo domin hunturu. A tambaya ko makarantar tana ba da katifa. A sa masa garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, kuka, daddawa da busasshiyar kuɓewa. Yaron da bai iya dafa shinkafa da wake ba, a koya masa kafin ya tafi, ko da namiji ne. A gargaɗe shi kuma a kan dokar girki, gama hita da risho sun sha jawo gobara a ɗakunan kwana. Katifa a riƙa shanya ta a rana saboda kuɗin cizo. In bazara ta shigo, cunkoso da zafi sukan taimaki sanƙarau: zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya ba abin jira ba ne, a tafi asibitin makaranta nan take.

3. ABOKAN ƊAKI

Nan ne zuciyar maganarmu. Ɗanmu Bahaushe ne, sunansa Musa ko Yakubu, 'yarmu Hauwa ko Saratu. Abokin ɗakinsa Musulmi zai ji Hausarsa, ya ɗauka ɗan'uwansa ne a addini. In ya je sujada kuma, Kirista daga kudu zai dube shi sau biyu, ga shi komai da Turanci ake yi, babu waƙar da ya saba. Yaro sai ya ji kamar ba shi da gida a ko'ina. Wannan kaɗaici ya fi rashin ruwa da wuta cin rai.

Wani yaronmu ya ba mu labari da bakinsa. A darensa na farko, abokin ɗakinsa ya tashe shi da asuba, cikin kirki, don kada salla ta wuce shi. Kunya ta kama shi, ya ce ba shi da lafiya. Washegari ya sake wata ƙaryar. Ya tura Littafi Mai Tsarki ƙarƙashin katifa, ya yi kusan wata biyu bai je sujada ba. Da gaskiya ta fito, abin da ya ɓata wa abokin nasa rai ba addininsa ba ne, ƙaryar ce. Ya ce masa da ya faɗa tun farko, da ba a kai haka ba. Daga baya suka zama masu cin abinci a kwano ɗaya.

Don haka mu koya wa 'ya'yanmu su faɗi ko su wane ne tun ranar farko, a natse, ba da tsoro ba, ba da tsokana ba. Daniyel bai yi faɗa da mai lura da su ba. Roƙonsa ya yi da ladabi, ya ce a gwada su kwana goma da kayan lambu da ruwa. Ya tsaya a kan bangaskiyarsa, bai kuwa ci mutuncin kowa ba.

A wannan fanni 'ya'yanmu sun fi wasu gata, gama tare da maƙwabta Musulmi suka tashi, rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya. Sun san ba a gilmawa ta gaban mai salla, ba a taka dardumarsa, ba a taɓa Alƙur'aninsa. Sun san ba ladabi ba ne a baje abinci a gaban mai azumi. Su riƙe wannan tarbiyya. Su ma su karanta Maganar Allah a fili, su yi addu'arsu ba tare da tada masu barci ba. Su share ɗaki in ranarsu ta zo, su mayar da abin da suka ara. Wa'azin da abokin ɗaki zai ji ke nan.

4. HARSHE DA WAYA

Ba za mu ɓoye muku ba. A watan Mayu na 2022, a wata kwalejin ilimi a Sakkwato, an kashe wata ɗaliba Kirista bayan an zarge ta da saɓo a wani saƙon murya da ta tura a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu. Fādar Sarkin Musulmi da shugabannin Kirista duka sun yi tir da kisan. Babu abin da ya halatta shi. Amma mu iyaye ne, dole mu ja kunne: kada yaro ya shiga gardamar addini a ɗaki ko a waya. Magana zarar bunu ce. In an tambaye shi dalilin begensa, ya amsa da tawali'u. In ya ga magana tana zafi, ya tashi. In an yi masa barazana, ya kai ƙara wurin hukumar makaranta, ya kuma kira gida a ranar.

Haka nan ya yi hattara da mai yawan kyauta. Ƙungiyoyin asiri da 'yan shaye-shaye sabon shiga suke nema, wanda bai san kowa ba. 'Ya'yanmu mata kuwa, yunwa ce babbar ƙofar da maza ke bi, ko daga wane addini suke. Uban da ya bar 'yarsa wata biyu ba ko sisi, kada ya ɗora mata laifin duka.

5. AIKIN IKILISIYA

Dattawa, ga abin da muke roƙo. Na farko, kowace ikilisiya ta rubuta sunayen ɗalibanta, da makaranta, da lambar ɗaki. Na biyu, kada yaro ya tafi sai da takarda daga fastonsa zuwa ga wani fasto ko dattijo a garin. Na uku, a makon farko ya nemi zumuntar ɗalibai, kamar FCS da aka fara a Gindiri a 1957, ko NIFES da aka kafa a 1968, ya kuma nemi inda ake sujada da Hausa. Daniyel ma ba shi kaɗai ya tsaya ba, su huɗu ne. Na huɗu, a taimaki marayu da 'ya'yan gwauraye daga baiko na musamman, a kuma nuna musu yadda ake neman lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024. Na biyar, kowane yaro ya ɓoye kuɗin motar dawowa gida. Mun ga yadda yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

In sun dawo hutu, kada tambayarmu ta tsaya a kan sakamakon jarrabawa. Mu tambayi sunayen abokan ɗakinsu, mu aika musu da gaisuwa da ɗan ƙunshin gyaɗa. Mu sa su cikin addu'a, Musulmi da Kirista, gama su ma 'ya'yan wasu ne da suka sayar da amfanin gona kamar mu.

'Yan'uwa, lambar ɗaki kwamfuta ce za ta fitar. Abin da yaro zai shiga da shi cikin ɗakin nan, a gidajenmu da ikilisiyoyinmu ake haɗa shi, kuma lokacin haɗawar yanzu ne. Allah wanda ya kiyaye Daniyel a Babila ya kiyaye fitarsu da shigarsu, ya ba su abokan zama na kirki, ya dawo mana da su da ilimi da bangaskiya. Cikin sunan Yesu. Amin.