Allah Muke Ƙauna, Ko Abin Hannunsa?

  

An ba mu kan magana a kan yadda mai bi zai ƙara zurfi cikin ƙaunar Allah ta wurin addu'a da dogara. Da muka zauna muna shiri, sai muka ga ba za mu iya kauce wa wata tambaya mai ɗaci ba, wadda kuma ba annabi ko manzo ne ya yi ta ba. Shaiɗan ne ya yi ta, a littafin Ayuba sura 1, aya 9 zuwa 11. Ayuba yana da tumaki 7,000, raƙuma 3,000, shanun noma, jakuna, da 'ya'ya goma. Zargin Shaiɗan shi ne, tsoron Allah da Ayuba yake yi ciniki ne kawai: Allah yana ba shi, shi kuma yana yin sujada. A ɗauke dukiyar, in ji shi, za a ga ƙarshen ibadar. Wannan zargi bai tsaya a kan Ayuba kaɗai ba. Har yau mai zargin yana faɗarsa a kan kowane ɗayanmu, kuma rayuwarmu ce za ta ƙaryata shi ko ta gaskata shi.

Bari mu saurari kanmu a taron addu'a na tsakiyar mako. Idan aka ce a kawo roƙe-roƙe, me muke ji? Ruwan sama, kuɗin taki, kuɗin makaranta, lafiyar mai ciki, aikin yi ga yaron da ya gama hidimar ƙasa, filin gina majami'a da aka yi shekaru ana nema ba a samu ba. Babu laifi ko kaɗan a cikin waɗannan. Ubangiji da kansa ya koya mana mu roƙi abincin yini a Matiyu sura 6. Amma ku duba tsarin addu'ar da ya koyar: kafin a kai ga abinci, an riga an yi roƙo uku a kan sunan Allah, da mulkinsa, da nufinsa. Mu kuwa sau da yawa mukan fara da abinci mu ƙare da abinci. Duk uban da yake nan ya san bambancin ɗan da yake zuwa gaisuwa ya zauna a kan tabarma ana hira, da ɗan da ba a ganinsa sai aljihunsa ya bushe. Dukansu 'ya'ya ne, uban kuma zai ba su. Amma ɗaya ne ya san uban. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, haka yake kuwa tsakaninmu da Allah.

'Yan'uwa, abin da ya sa muka nace a kan wannan shi ne muna rasa mutane. Mun san ɗan'uwan da ya yi azumi, ikkilisiya ta taya shi kwana da kwanaki saboda ɗansa marar lafiya, yaron kuma ya rasu. Bayan wata biyu sai kujerarsa ta zama wofi. Daga baya a ji an gan shi wurin boka, ko wurin masu sayar da mai da ruwa da sunan annabci, ko kuma ya bi 'yan'uwansa na jini da suka daɗe suna ce masa ya dawo gida. A manyan birane inda majami'u suke da yawa, mai rauni yakan sami inda zai jingina. A ƙauyen da masu bi gida biyar ne ko bakwai, idan gida ɗaya ya faɗi, kowa yana jin girgizar. Mu shugabanni kuma muna da namu laifi. A lokacin shaida, wanda ya warke da wadda ta haihu da wanda ya ci jarrabawa ne suke tashi. Wadda ta yi shekara goma sha biyar tana roƙon haihuwa, ba ta samu ba, amma har yanzu ita ce take share majami'a kowace Asabar, ba mu taɓa ce mata ta tashi ta yi magana ba. Ta haka muka koya wa jama'a, ba da saninmu ba, cewa alamar ƙaunar Allah ita ce samun abin da aka roƙa. To, ranar da ba a samu ba fa?

Kakanninmu cikin bangaskiya a ƙasar Hausa sun sha wannan tambaya tun kafin a haife mu. A shekarar 1913 wasu daga cikin mutanen da ake kira Isawa suka zo Zariya wurin Dokta Walter Miller, suna neman ƙarin sani game da Isa Almasihu wanda iyayensu suka daɗe suna girmamawa. Waɗanda suka karɓi bishara suka taru suka kafa zama a Gimi, cikin ƙasar Zazzau, inda za su yi noma su yi sujada tare. Mutane ne da suka bar dangi da gonakin gado saboda Almasihu. In da akwai waɗanda za a ce sun cancanci Allah ya kewaye su da shinge, ai su ne. Amma cikin 'yan shekaru kaɗan ciwon barci, wanda ƙudan tsando yake kawowa, ya shiga garin ya kashe mutane da yawa, har zaman ya watse. Ku yi tunanin irin maganar da maƙwabta suka yi a lokacin. Ku yi tunanin uwar da ta binne 'ya'yanta a garin da ta zo domin bin Yesu. Duk da haka akwai waɗanda suka tsira suka riƙe bangaskiyarsu, suka koma kusa da mishan a Zariya. A 1929 aka kafa Wusasa, a 1932 kuma cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. Muna jin daɗin ba da ƙarshen labarin, muna ambaton irin su Dokta Barau Dikko da Farfesa Ishaya Audu da suka yi karatu a Wusasa. Sai dai mu tuna, waɗanda aka binne a Gimi ba su ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Waɗanda suka binne su kuma, a ranar da suke mayar da ƙasa, babu wanda ya gaya musu abin da zai zo. Allah kawai suke da shi, suka kuwa riƙe shi.

Kada wani ya ɗauka dogara ita ce a haɗiye baƙin ciki a yi shiru. Ayuba bai yi shiru ba. Ya la'anci ranar haihuwarsa a sura 3, ya yi ta gardama, ya nemi Allah ya fito su yi shari'a. Abokansa uku ne suka riƙa kare Allah da kyawawan kalmomi. Amma a sura 42 aya 7, su Allah ya tsauta wa, ya nuna cewa Ayuba ne ya faɗi gaskiya game da shi. Me ya sa? A ganinmu, abokan suna magana ne a kan Allah, Ayuba kuwa da Allah yake magana. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare cikin duhu, ba a kuwa cire ta daga Littafi Mai Tsarki ba. Hannatu ta yi addu'a da zafin rai har Eli firist ya zaci ta bugu. Ubangijinmu kansa a Gatsemani ya roƙa sau uku a ɗauke masa ƙoƙon wahala kafin ya miƙa kansa ga nufin Uba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutumin da ya kawo wa Allah fushinsa bai rabu da Allah ba tukuna. Wanda ya daina magana gaba ɗaya shi ne abin tsoro. Ku lura kuma, daga sura 38 zuwa 41 Allah bai taɓa bayyana wa Ayuba dalilin wahalarsa ba. Kansa ya nuna masa. Ayuba ya shaida cewa sanin da ya yi wa Allah a dā na ji ne, yanzu ya zama na gani, kuma ya faɗi haka tun yana cikin toka, kafin a mayar masa da ko akuya ɗaya.

Irin wannan ƙauna ba a samunta a ranar masifa idan ba a shuka ta tun da wuri ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Daniyel baƙo ne a ƙasar da masu bautar Allahnsa 'yan kaɗan ne, kamar mu. Da aka kafa dokar hana addu'a, Daniyel 6:10 ya nuna bai ƙirƙiro wani sabon abu ba; ya ci gaba da durƙusawa sau uku a rana kamar yadda ya saba. A gidaje da yawa addu'ar iyali ta safe ta mutu, rediyo da waya sun ci gurbinta. Muna roƙon magidanta su tashe ta, ko da minti goma ne kafin a fita gona. A karanta Zabura ɗaya. Idan maigida bai iya karatu ba, yaron da yake firamare ya karanta, ko a kunna Littafi Mai Tsarki na Hausa da ake saurare a waya. Sa'an nan, kafin kowa ya roƙi kome, kowa ya ambaci abu ɗaya da ya sani game da halin Allah, ya gode masa. Da farko za ku ji bakinku ya yi nauyi, domin mun saba da roƙo. Ku daure. Ba mu ne muka fara ƙaunar ba, 1 Yohanna 4:19 ya nuna shi ya riga mu, addu'a kuwa ita ce wurin da muke zama har zuciya ta gane hakan.

A taƙaice mu faɗi wani abu, don mun ji ana ruɗa mutane: dogara ga Allah ba ta hana zuwa asibiti, ba ta hana zuba taki. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana.

Akwai kuma gwajin da ya fi mana wuya. Allah ya mayar wa Ayuba da arzikinsa ne bayan ya yi addu'a domin abokan da suka ɓata masa rai. Irmiya sura 29 ya umarci 'yan bauta su roƙa wa birnin da aka kai su zaman lafiya. Yaushe rabon da mu ambaci mai unguwa da dagaci da maƙwabtanmu Musulmi da sunansu a gaban Allah, muna roƙa musu alheri na gaske? Da yawa cikinsu sun tsaya mana a ranar wahala. Wasu kuma sun cuce mu, ba ma musun haka. Amma zuciyar da ta cika da ƙiyayya ba ta da ɗakin da ƙaunar Allah za ta kwana, 1 Yohanna 4:20 bai bar mana wata mafita a nan ba.

Iyayenmu dattawa, ga roƙonmu gare ku. Idan kun koma gida, ku zauna da fasto ko mai bishara ku lissafta waɗanda suka daina zuwa sujada bayan rasuwa, ko ciwo, ko asarar amfanin gona. Ku je wurinsu biyu biyu kafin Jibin Ubangiji mai zuwa, ku tafi da ɗaya daga cikin iyayenmu mata idan gidan gwauruwa ne. Kada ku tafi da horo, kada kuma ku tafi da wa'azi. Abokan Ayuba sun yi daidai a kwana bakwai na farko da suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba; da suka buɗe baki ne abin ya lalace. Ku zauna, ku saurara, in ya yarda ku yi addu'a tare da shi a gajarce, ku kuma sake komawa mako na gaba.

Yanzu muna roƙon babanmu shugaban taro ya bi da mu cikin addu'a, mu fara da sunayen waɗannan 'yan'uwa.