Ƙwayoyin Cutar da Suka Daina Jin Magani a Asibitoci

Bakteriya wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya iya gani sai da madubin likita, kuma a cikinsu akwai masu haddasa taifot da ciwon huhu da ruɓewar rauni bayan tiyata. Magungunan da ke kashe su, waɗanda ake kira antibayotik, sun samo asali ne daga fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928. Sai dai duk lokacin da aka sha irin wannan magani, musamman ba bisa ƙa'ida ba, ƙwayoyin da ba su da ƙarfi ne ke mutuwa, masu juriyar kuwa su tsira su hayayyafa, har a wayi gari maganin da ya warkar da uba ya kasa warkar da ɗansa. Wannan shi ake kira bijire wa magani, kuma an ƙiyasta cewa a 2019 ya kashe mutane kimanin miliyan 1.27 a duniya, inda Afirka ta Yamma ta fi kowane yanki asara gwargwadon yawan jama'arta.

Asibiti ne matattarar waɗannan ƙwayoyi, domin a nan aka fi amfani da antibayotik, a nan kuma masu raunin jiki ke kwance kusa da juna, wani da buɗaɗɗen rauni, wani da robar fitsari, waɗanda duk ƙofofi ne ga cuta. Hannu shi ne babbar hanyar yaɗuwarsu, na ma'aikaci da na ɗan'uwa mai jinya. Dubiya al'ada ce mai daraja wadda addini ya kwaɗaitar da ita, amma cika ɗaki da jama'a, da zama a kan gadon majinyaci, da shigowa da jarirai, suna kai cuta ga wanda aka zo gaisarwa, kuma ƙwayoyin cutar suna iya rako masu dubiyar har gida.

Daga unguwa ma ake kai matsalar asibiti, domin mai sayen kafso biyu a kyamis ko wurin mai talla saboda mura yana horar da ƙwayoyin jikinsa ne kawai, tunda antibayotik ba ya maganin mura. Haka nan masu kiwon kaji da ke zuba shi a ruwan sha ba da shawarar likitan dabbobi ba.

Ana roƙon jama'a, maza da mata, da su wanke hannu da sabulu kafin taɓa majinyaci da kuma bayan fitowa, su sha antibayotik ne kawai idan ma'aikacin lafiya ya rubuta, yadda ya rubuta, kuma kada su ba wani ragowar maganinsu.