Injin Casar Shinkafa Da Neman Aiki A Ƙasar Lafiya

Jama'a, sanin kowa ne Lafiya ta daɗe da yin suna wajen casar shinkafa. Da ƙananan injuna suka shigo, turmi da taɓarya sun huta, amma lebura bai rasa abin yi ba. Akwai turara shanshera, da shanya, da tsintar tsakuwa, da dakon buhu.

A shekarar 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe babban injin kamfanin Olam a Rukubi, cikin ƙasar Doma. Irin wannan inji shi ke turarawa, ya busar, ya fid da tsakuwa. Aikin da a da sai an tara ƙarti da mata, yanzu mutum kaɗan ke tsaye a kansa. Su wa ake nema? Makanike, da mai gyaran lantarki, da direban tarakta, da akawun da ya iya kwamfuta. Mai ƙarfi kawai kuwa, galibi sai lodi ya rage masa, shi ma ba kullum ba.

Saboda haka ya kamata iyaye su sa yara makarantun koyon sana'a tun da wuri. Lebura kuma ya lazimci makaniken injin da yake wa dako, ya riƙa miƙa masa sifana, yana kallo yana tambaya.